Yoyon Ƙwaƙwalwa: Abin da Sola Ta Tona a Kwanar Dangora

Masu karatu, a yi mini afuwa, yau ba labarin soyayya na zo da shi ba, ba kuma na kishi ba. Magana ce a kan wata cuta da ke kama kwamfuta, wadda masu sana'ar rubuta manhaja ke kira yoyon ƙwaƙwalwa. Na san wani zai ce me ya haɗa mai karatun hikaya da wannan? To a daure a biyo ni, domin cutar nan ta kusa raba wani yaro da aikinsa da mutuncinsa, alhali bai ji ba bai gani ba.

Duk wanda ya saba bin hanyar Kano zuwa Zariya ya san Kwanar Dangora. A nan titi ke rabuwa biyu, ɗaya ya miƙe Zariya da Kaduna, ɗaya ya karya ya nufi Tudun Wada da Doguwa, ya ratsa dajin Falgore, ya kai mutum har Jos. Yankin Kiru da Bebeji ne, ƙasar noma ce ta gaske, ruwan samanta ya fi na arewacin jihar, ga kuma madatsar ruwa ta Tiga da aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako. Idan kaka ta yi, masarar Doguwa da shansherar Tudun Wada da waken suya duk ta wannan kwana suke fitowa kafin su kama hanyar Kano. A nan kawuna yake da sito, yana sayen hatsi daga manoma da dillalai yana kai wa masu injinan casa da na abincin kaji.

Shekara da shekaru lissafin siton a littafi yake, akawu na rubutawa da biro. Daga baya wani matashi da ya karanta kimiyyar kwamfuta ya kafa musu tsari na zamani, ya koya wa akawun yadda ake amfani da shi, sannan ya samu aiki a Legas ya tafi. Aikinsa mai kyau ne, kada mai karatu ya ɗauka zan ɓata shi. Ya ɗora komai a kan wata 'yar kwamfuta guda mai amfani da Linux, ita ce uwar garke, ya kuma zaɓi rumbun bayanai mai suna PostgreSQL. Wannan rumbu asalinsa wani bincike ne da Farfesa Michael Stonebraker ya fara a Jami'ar Kalifoniya da ke Bakli a Amurka a 1986, ya samu sunansa na yanzu a 1996, kuma kyauta ake ba da shi, kowa na iya buɗe cikinsa ya karanta yadda aka gina shi.

Rumbun bayanai, a taƙaice, littafin akawu ne da ba ya cika: wa ya kawo kaya, buhu nawa, kilo nawa, nawa aka biya. Amma PostgreSQL ya wuce ajiya kawai. Yana ba ka dama ka zaunar da wasu 'yan umarni a cikinsa, ni 'yan aike nake ce musu, waɗanda za a riƙa kira su yi wani lissafi su dawo da amsa. Akwai harsunan da ake rubuta su da su. Na gida shi ne PL/pgSQL, wanda ya shigo a 1998. Akwai kuma baƙin harsuna da aka yi wa masauki, irin su Perl da Tcl da Python. Masaukin Python, wato PL/Python, ya shigo ne a fitowa ta 7.2 a 2002. Da shi matashin nan ya rubuta ɗan aiken da ke lissafa la'adar dillali da kuɗin 'yan dako a kan kowane rasit.

Tsarin ya yi kaka guda cur ba a ji ko tarinsa ba. Da janareta ake aiki, a tayar da safe, a kashe da magariba. Sai ga 29 ga Mayu, 2023, aka sanar da cire tallafin man fetur, kuɗin mai ya yi tashin gwauron zabi. Kawu ya yi lissafinsa ya sa aka kafa sola da batura. Daga nan kwamfutar ta daina barci, dare da rana tana kunne, abin da ya yi masa daɗi ƙwarai, don ko yana Kano yana iya duba abin da ya shiga sito ta wayarsa, motocin da ke lodin dare ma ana shigar da su nan take.

Da kakar 2023 ta kankama sai abu ya fara faruwa. Manomi zai zo karɓar kuɗinsa riƙe da 'yar takardar hannu da akawu ya rubuta masa lokacin awo, a duba kwamfuta, babu rasit ɗinsa, babu alamarsa. Na farko aka ce kuskure ne. Na biyu aka yi shiru. Na uku wani dattijo ne daga wajen Doguwa mai buhu 30 na masara, ya ɗaga murya a ƙofar sito a gaban jama'a, yana cewa ko so ake a cinye masa guminsa. Kawu ya biya shi, amma zuciyarsa ta riga ta tafi wuri guda. Mai shigar da rasit mutum ɗaya ne, akawu. Idan kaya sun shiga sito babu rasit, ai wanda ya san da haka shi zai iya fitar da su ta bayan gida.

Da yake ni ma irin wannan aiki nake yi a Kano, sai ya kira ni. Abin da ya fara ce mini shi ne, "Kai ɗan nan, gaya mini gaskiya, inji yana mantuwa? Ni dai a sanina mutum ne ke mantawa, mutum ne ke ɓoyewa."

Na ce, "Kawu, a ba ni kwana biyu kafin a ce wa yaron nan komai."

Ya ce, "Na ba ka. Amma ka sani kaka ba ta jiran kowa."

Kafin in faɗi abin da na tarar, dole in ɗan yi bayani, in ba haka ba sauran maganar ba za ta shiga ba. Kwamfuta tana da wurin ajiya iri biyu. Akwai faifan ajiya, shi ne kamar siton kansa, abin da aka zuba yana nan ko an ɗauke wuta. Akwai kuma ƙwaƙwalwar aiki da ake kira ram, wadda ba ta da yawa, kuma da ita ake duk wani aiki na yanzu-yanzu. Ka ɗauke ta kamar buhunan da mai sito ke ba dillalai aro su shiga ƙauye su zubo kaya. Buhunan ƙidayayyu ne. Duk manhajar da za ta yi aiki sai ta ari wasu, idan ta gama ta mayar. To idan akwai wadda ke ara ba ta mayarwa, ko da buhu ɗaya ne a kowace tafiya, ba wanda zai lura a ranar farko ko ta biyu. Da yayyafi kogi kan cika. Wata rana za a zo ɗaukar buhu a tarar babu ko ɗaya. Turawa sun kira abin yoyo, amma ni a ganina sunan bai zauna daidai ba, don ba abin da ke zuba waje. Aro ne ba mayarwa.

Idan ram ta ƙare ƙaf, Linux ba ya tsayawa shawara. Yana da wani ɗan doka a cikinsa da zai duba wace manhaja ce ta fi cin wuri, ya kashe ta nan take. PostgreSQL kuwa, kowane zama da aka buɗe da shi, wato kowace mahaɗa tsakaninsa da manhajar da ke amfani da shi, ma'aikaci guda yake ware mata. Idan aka kashe ɗaya daga cikin ma'aikatan nan kisan gilla irin wannan, shugabansu ba ya yarda da abin da ya rage, don mai yiwuwa mamacin ya bar ɓarna a wurin da suke tarayya. Sai ya sallami kowa, ya koma kundin da yake rubuta kowane canji kafin ya aiwatar, ya gyara zama, ya sake buɗe ƙofa. A ƙaramin rumbu irin na Kawu duk wannan daƙiƙu kaɗan ne. Abin da aka riga aka tabbatar ba ya ɓata. Amma rasit ɗin da ake tsakiyar shigarwa, an sa nauyi ba a kai ga la'ada ba, gaba ɗayansa ake sokewa, domin ƙa'idar rumbun ita ce ko duka ko babu. Shafin da ke gaban akawu kuwa ba ya cewa komai, sai dai ya dawo fari kamar yadda yake yi idan an adana lafiya. Ga layin manoma, ga hayaniyar 'yan dako, sai ya kira na gaba.

Kundin rahoton rumbun shi ya fara wanke yaron. A ciki na ga inda aka rubuta cewa an kashe ma'aikaci da sigina ta 9, ba sau ɗaya ba, kusan duk bayan kwana huɗu. Na karɓi takardun hannun nan uku na jera su da lokutan, suka zo daidai, rana da sa'a. Na kai wa Kawu na ce, "Kawu, ba mantuwa injin ya yi ba, suma ya yi da alƙalami a hannu." Ya daɗe yana kallon takardun, sannan ya sa aka kira akawun, ya ce masa ya je ya ci abinci. A wajen Kawu wannan ban haƙuri ne babba, wanda ya san shi ya san haka.

Saura a gano mai cin buhunan. A nan ne na fi son mai karatu ya tsaya, don akwai wata dabara a cikin PostgreSQL da tun ranar da na fahimce ta take burge ni. Manhajojin da aka rubuta da harshen C, kamar shi, a al'ada kowane buhu da ka ara kai za ka tuna ka mayar da shi da hannunka. Mutum kuwa ajizi ne, a cikin dubban wurare sai ya manta da wani. Masu gina PostgreSQL suka ce a daina bin buhu ɗai-ɗai, a riƙa ɗaure su dami-dami. Ga damin wannan layi guda da ake lissafawa, ga damin wannan tambaya, ga damin wannan ciniki. Duk wanda zai ara, daga damin aikin da ake ciki zai zara. Da aikin ya ƙare sai a karɓe damin baki ɗaya, ba a tambayar wa ya ɗauki wanne. Damunan kuma uwa da 'ya'ya ne, idan aka karɓe uwa, 'ya'yanta sun tafi tare da ita. Tom Lane ne ya sake fasalin wannan tsari, ya fito a 7.1 a 2001. Mutumin nan, in ba a sani ba, yana cikin waɗanda suka yi aikin manhajar hotunan JPEG da tsarin PNG, wato da wuya a ce hoton da ke cikin wayarka bai bi ta kan aikinsa ba.

Sai dai akwai dami guda a can ƙoli, sunansa TopMemoryContext, wanda ba a kwance shi sai zaman ya ƙare gaba ɗaya. Duk abin da aka jefa can ya zauna ke nan.

Python kuma nasa tsarin daban. Shi kowane buhu da ƙidaya a jikinsa ta mutum nawa ke riƙe da shi. Wani ya kama, a ƙara ɗaya, ya saki, a rage ɗaya, idan ta koma sifiri buhun ya koma gida. To ka ga an haɗa akawu biyu a sito guda, kowa da irin littafinsa. Masaukin da ke tsakaninsu shi ne wurin da aka fi samun ɓaraka. Misali, idan kuskure ya auku a tsakiyar aiki, PostgreSQL ba ya komawa da baya taki-taki, tsalle guda yake yi ya dira can wurin da ake karɓar kurakurai, kamar an yi ihun gobara kowa ya watse. A ɓangarensa ba asara, zai karɓe damin. Amma buhunan Python da aka ƙara wa ƙidaya ba a kai ga ragewa ba, sun maƙale har zaman ya mutu. Shi ya sa tun fitowa ta 8.0 a 2005 aka samar da wani shinge, PG_TRY da PG_CATCH, inda mai rubutu zai tanadi abin da za a saki ko da an watse a guje.

Kada a ɗauka ƙananan masu rubutu kaɗai abin ke kamawa. A Nuwamban 2015 an yi wa PL/Python kansa babban gyara, bayan wani mai amfani da shi ya kai ƙorafi. Abin da aka tarar shi ne masaukin ya saba zuba abubuwa da yawa kai tsaye a babban damin ƙoli, da niyyar zai bi su ɗai-ɗai ya kwashe, kuma ba duka yake kwashewa ba. Wasu ma ba yadda za a yi ya kwashe su, don ya miƙa damin ga wasu 'yan aiken da bai san me suka zuba a ciki ba. Haribabu Kommi da Tom Lane ba su tsaya farautar kowane buhu ba. Sun ba kowane ɗan aike da kowane tsarin tambaya damin kansa, ta yadda idan mai damin ya tafi, kayansa su bi shi. Gyaran ya fito a 9.6 a Satumban 2016, shekara 14 bayan shigowar PL/Python.

Na Kawu fitowa ta 14 ce, ta 2021, don haka wancan tsohon rami an riga an cike shi. Fitowar ta kuma zo da abin da ya sauƙaƙa mini aiki, wani umarni da za ka ba shi lambar ma'aikaci ya zayyano maka damunan da ke hannunsa da girmansu a cikin kundin rahoto. Na jira ma'aikacin da manhajar sito ke amfani da shi ya yi kwana biyu a raye, na tambaye shi. Sai ga damunan tsarin tambaya a jere, iri ɗaya sak, adadinsu ya kai dubbai.

Ga abin da ya faru. Kafin rumbu ya amsa tambaya sai ya tsara yadda zai bi ya nemo amsar, kuma tsarawar tana cin lokaci. Saboda haka PL/Python ya ba kowane ɗan aike wani aljihu mai suna SD, inda zai ajiye tsarin da ya riga ya yi don ya sake amfani da shi a kira na gaba. Matashin ya san da wannan, ya kuma rubuta sashen ajiyewa. Sashen da zai duba aljihu ya ɗauko tsohon ne babu. Don haka duk kira sai ɗan aiken ya yi sabon tsari, ya tura aljihu a kan na baya. Python bai yi laifi ba, yana ganin aljihu na riƙe da su, ƙidaya ba ta kai sifiri ba. PostgreSQL ma bai yi laifi ba, an ce masa a adana.

Na auna, kowane kira na barin wajen kilobait 20. Ba komai ba ne, hoto guda na waya ya ninka shi sau da yawa. Amma duk lokacin da aka buɗe shafin jimillar kaka, ɗan aiken sai ya bi kowane rasit, kuma a lokacin sun kai 4,000. Megabait 80 ke nan a buɗewa ɗaya. Tsakanin Kawu da akawu da babban ɗansa ana buɗewa kamar sau 10 a yini, megabait 800. Kwamfutar gigabait 4 gare ta, kusan ɗaya na wajen Linux da sauran manhajoji. Yi lissafin da kanka, kwana huɗun nan ne.

Ka ga ke nan cutar tana nan tun ranar farko. Janareta ne ke rufa mata asiri. Duk magariba idan aka kashe, zaman ya mutu, buhuna duka su koma gida, gari ya waye a fara da sabon lissafi. Kwamfutar ba ta taɓa rayuwar da ta kai yoyon ya cika ta ba sai da ta samu wuta mai ɗorewa. Abin ya daɗe yana ba ni mamaki da dariya a lokaci guda, a ce rashin wuta ne maganin da ake sha ba a sani ba. Ina kuma zargin akwai manhajoji da dama a ƙasar nan da ke tafiya lafiya saboda wannan dalili kaɗai, kuma yadda jama'a ke komawa sola za su fara bayyana ɗaya bayan ɗaya.

Gyaran farko layi huɗu ne. Duba aljihu, idan akwai tsari ɗauko shi, idan babu yi guda ɗaya ka ajiye da suna ɗaya, lambar rasit kuma a riƙa miƙa ta daban a kowane kira. Na sake tambayar ma'aikacin washegari, damunan nan dubbai sun koma ɗaya. Amma da na duba girmansa ta ɓangaren Linux, sai na ga har yanzu yana ƙaruwa, a hankali dai, amma yana ƙaruwa. Wannan ne tarkon da ke kama mutane da yawa. Umarnin zayyana damuna littafin PostgreSQL kawai yake karantawa. Abin da Python ya ara don kansa ba ya cikin wannan littafi sam. Sai da na koma na bi ta kayan binciken Python, akwai wani mai suna tracemalloc da ke nuna layin da ya ari kowane wuri, sannan na ga na biyun. Akwai wani babban aljihu, GD, na duk 'yan aiken da ke zama guda. Matashin ya buɗe wani jeri a ciki yana zuba bayanin kowane lissafi, da alama don ya riƙa leƙawa lokacin gwaji, ya tafi bai cire ba. Na goge layin.

Kafin a kira ni, wani mai sayar da kayan kwamfuta a Kano ya riga ya ba Kawu shawarar ya ƙara ram ta koma gigabait 16. Da an yi haka, sumar kwana huɗu za ta koma ta kusan mako uku, rasit ya riƙa ɓata jefi-jefi yadda ba mai iya haɗa wannan da wancan, zargin kuma ya ci gaba da zama a kan mutum guda. Manyan kamfanoni masu ram tuli haka suke kwana da irin wannan cuta shekaru ba su sani ba. Ƙaramar na'ura irin ta bakin kwana ita ke fara jin jiki, ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

Akwai kuma wata dabara da abokan sana'a suka ba ni shawara, a sa PgBouncer a tsakani, wata 'yar manhaja da ta fito daga kamfanin Skype, wadda a yadda take zuwa takan rufe mahaɗar da ta wuce sa'a guda ta buɗe sabuwa. Tana da amfaninta, ban musa ba. Amma a wannan matsala ɗauke wuta ne da gangan, an dai sa masa riga. Ban sa ta ba. Abin da na ƙara shi ne shafin akawu ya riƙa nuna lambar rasit da kore idan rumbu ya tabbatar, ya yi ja ya ƙi motsi idan bai tabbatar ba. Na bar kwamfutar kwana 12 a kunne ina leƙa ta daga Kano safe da yamma, girman ma'aikacin ya hau kaɗan a ranar farko ya tsaya cak.

Da na tabbatar, sai na nemi lambar matashin a wajen Kawu na kira shi a Legas. Ya saurara har na gama, ya yi shiru, sannan ya ce, "Yaya, ai ɗan aiken nan ba a siton Alhaji kaɗai yake ba. Na sa wa wasu mutum biyu, ɗaya a Tudun Wada, ɗaya a hanyar Kiru." Na tambaye shi wace wuta suke amfani da ita. Ya ce a saninsa duka biyun janareta ne, ana kashewa da magariba, amma na Tudun Wada ya kira shi kwanan baya yana tambayar batir nawa kwamfutar za ta buƙata. A daren na tura masa layukan da na canza.